Amincin Kwamfaila: Yaushe Ake Yarda da Ita Wajen Ƙera Na'urorin Sayarwa?

Gabatarwa

Injin ƙyanƙyasar ƙwai na zamani yana riƙe zafin cikinsa a kan kimanin digiri 37.5 na ma'aunin Selsiyas har tsawon kwana 21, yana kuma juya ƙwan lokaci-lokaci ba tare da mutum ya sa hannu ba. Haka nan firijin ajiye allurar rigakafi, wajibi ne sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana. Abin da ke kula da irin waɗannan ayyuka shi ne wata 'yar mitsitsiyar kwamfuta da ake kira maikurokwantirola, wadda ke bin umarnin da mutum ya tsara mata. Sai dai kuma ita wannan 'yar kwamfuta ba ta jin harshen da mutum yake rubuta umarnin da shi. Akwai wata manhaja a tsakaninsu mai aiki irin na tafinta, sunanta kwamfaila. Idan tafinta ya karkatar da magana, to, mai magana da mai saurare duka sun shiga uku, alhali kuwa babu wanda ya yi laifi a cikinsu.

Wannan darasi zai yi bayani a kan yadda injiniyoyi suke yanke hukunci cewa kwamfaila da sauran kayan aikin da ke tare da ita sun kai matsayin da za a dogara da su wajen ƙera na'urori dubbai a kai kasuwa. Bambancin da ke tsakanin na'ura guda ta gwaji a ɗakin kimiyya da na'urori dubu goma da suka watsu a garuruwa babba ne, domin ta farko ana iya gyara ta cikin minti biyar, amma na biyun sai an bi su gida-gida.

'Yar Kwamfuta da Harshenta

Maikurokwantirola cikakkiyar kwamfuta ce da aka tattara a kan ɗan guntun silikon da bai kai faɗin farce ba. Tana da sashen lissafi, da ma'adanar bayanai, da kuma ƙafafuwan ƙarfe waɗanda ta cikinsu take karɓar labari daga ma'aunin zafi ko ta kunna fitila da mota. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da samfurin TMS1000 kasuwa a shekarar 1974, kuma tun daga lokacin suka yi ta bazuwa cikin motoci da kayan asibiti da mitocin lantarki.

Wadda ɗalibai suka fi cin karo da ita ita ce ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno. Shi shirin Arduino an fara shi ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005. 'Yar kwamfutar kuwa daga zuriyar AVR take, wadda wasu ɗalibai biyu, Alf-Egil Bogen da Vegard Wollan, suka ƙirƙiro a birnin Trondheim na ƙasar Norwe. Ma'adanar umarninta tana ɗaukar bayit 32,768, ma'adanar aiki kuwa bayit 2,048 kacal. Da yake bayit guda harafi guda yake ɗauka, ke nan ma'adanar aikin ba ta wuce haruffan shafi guda na ƙaramin littafi ba. Wannan ƙarancin wuri shi ya sa ake matsa wa kwamfaila ta taƙaita umarni iyakar iyawarta, kuma a wajen taƙaitawar ne matsaloli da dama suke kunno kai, kamar yadda za a gani nan gaba.

Harshen 'yar kwamfuta jerin sifiri da ɗaya ne kawai. Rubuta dogon umarni da irin wannan harshe aiki ne mai wuyar gaske, saboda haka aka ƙirƙiro harsunan da suka fi kusa da tunanin mutum. Grace Hopper ta samar da manhajar A-0 a 1952, wadda ake lissafawa cikin kwamfailolin farko, sa'annan kamfanin IBM ya fitar da ta harshen FORTRAN a 1957. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a ɗakunan bincike na Bell wajen 1972, shi ne ya zama harshen ƙananan na'urori. A 1987 Richard Stallman ya fitar da kwamfailar GCC kyauta ga kowa, kuma reshenta mai suna avr-gcc shi ne ke fassara wa Arduino Uno umarni.

Sarƙar Kayan Aiki

Kwamfaila ba ta aiki ita kaɗai. Da farko takan juya rubutun C zuwa ƙananan umarni na matakin injin. Daga nan wata manhaja mai suna asembula ta mayar da su lambobi. Sai ta uku, wato linka, ta harhaɗa guntayen wuri guda, ta ɗebo abin da ake bukata daga taskar shiryayyun umarni irin su avr-libc, ta kuma ba kowane guntu mazauninsa a cikin ma'adana. A ƙarshe sai manhajar lodi, kamar avrdude, ta zuba sakamakon cikin 'yar kwamfutar. Waɗannan duka su ake kira sarƙar kayan aiki. Kowace daga cikinsu tana da nata bugu, kamar yadda littafi yake da bugu na farko da na biyu, kuma tangarɗa a ɗaya daga cikinsu ta isa ta ɓata aikin sauran.

Ɗalibin ilmin halittu ba baƙo ba ne ga irin wannan tsari. A cikin ƙwayar halitta ana kwafo saƙo daga DNA zuwa RNA, sa'annan ribosom ya fassara shi harafi uku-uku zuwa furotin. Cutar sikila, wato amosanin jini, ta samo asali ne daga sauyin harafi guda tak: GAG ya koma GTG, sai amino asid na shida a cikin 146 na silin beta na himogulobin ya tashi daga gulutamik asid ya koma balin. Sauran 145 lafiyarsu lau, amma wannan guda ɗayan ya isa ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Haka abin yake ga umarnin na'ura: lamba guda da ta sauya a cikin dubu talatin tana iya hana injin kashe wutar ɗumama ƙwai.

Kurakurai Iri Uku

Kuskure na farko shi ne mai ƙara, wato kwamfaila ta tsaya cik a tsakiyar aiki ta ƙi fitar da komai. An ga misalin wannan a 2018, lokacin da masu Arduino suka sauya avr-gcc daga bugu na 4.9.2 zuwa na 5.4.0. Mutane da yawa suka riƙa ganin fassara tana rushewa a matakin harhaɗawa ga umarnin da ba shi da aibin komai. Maganin da aka riƙa bayarwa shi ne komawa ga tsohon bugun, har zuwa 2019 da aka maye gurbinsa da na 7.3.0. Irin wannan kuskure yana da ban haushi, yana kuma cin lokaci, amma shi ne mafi sauƙin haɗari, tun da yake babu gurɓataccen umarnin da ya isa ga na'ura.

Na biyu shi ne na shiru. A nan kwamfaila takan kammala aiki ba tare da wani ƙorafi ba, amma abin da ta fitar ya saɓa wa abin da aka rubuta. Wannan shi ne abin tsoro, domin kuwa yana iya kwanciya watanni, sai ranar da wani yanayi na musamman ya auku sa'annan ya bayyana, kamar dai gadon cutar da ke ɓoye a jikin iyaye masu lafiya har ya fito a jikin ɗa.

Na uku kuwa, wanda ya fi sauran yawa nesa ba kusa ba, laifin marubucin umarnin ne, amma sai a ɗora wa kwamfaila. Alal misali, a zuriyar AVR lambar da ake kira int tana da gurbi 16 ne, saboda haka ba ta wuce 32,767. Wanda ya rubuta 60 sau 1000 da nufin samun minti guda a ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana sa ran 60,000, amma sau da yawa abin da zai samu shi ne -5,536. Wannan rubutun dai, idan aka kai shi kan 'yar kwamfuta mai gurbi 32, daidai zai fita, domin iyakarta 2,147,483,647 ce.

Wani misalin ya shafi taƙaitawa. A ce marubuci ya umarci na'ura ta jira har sai wata alama ta sauya, alamar kuma wani sashe ne na daban yake sauya ta idan an danna maɓalli. Kwamfaila, da ta duba ba ta ga abin da ke taɓa alamar a wannan wurin ba, tana da ikon karanta ta sau ɗaya kawai ta ci gaba da amfani da wannan tsohon karatun, sai na'ura ta yi ta jira har abada. Harshen C ya tanadi kalmar volatile domin a sanar da kwamfaila cewa alamar tana iya sauyawa a bayan idonta. Wanda ya manta da wannan kalma yana iya yin shekaru umarninsa yana aiki da tsohon bugu, ranar da ya ɗauko sabo mai ƙwazon taƙaitawa sai aiki ya tsaya. A nan sabon bugun tona asirin tsohon kuskure kawai ya yi.

Abin da Bincike ya Nuna

A shekarar 2008 Eric Eide da John Regehr na Jami'ar Utah a Amurka sun gwada kwamfailoli 13 da ake amfani da su a masana'antu, suka tarar babu ko ɗaya da ba ta taɓa kuskuren fassara kalmar volatile ba. Bayan haka, su da abokan aikinsu suka ƙera wata manhaja mai suna Csmith, wadda ke ƙirƙiro dubban umarni na C barkatai, ta ba kwamfailoli daban-daban su fassara, sa'annan a kwatanta amsoshin. Duk wadda amsarta ta fita daban, to, akwai abin dubawa. A rahotonsu na 2011 sun bayyana cewa sun gano kurakurai fiye da 325 waɗanda ba a san da su ba, kuma kowace kwamfailar da suka gwada sun same ta da kuskure mai ƙara da kuma na shiru.

Wadda ta yi fice a wannan gwaji ita ce CompCert, wadda Xavier Leroy ya jagoranci ƙera ta a cibiyar bincike ta INRIA a Faransa. An tabbatar da ingancin mafi yawan sassanta ta hanyar hujjar lissafi, irin yadda ake tabbatar da ƙa'idar Faisagoras a aji, kuma a cikin sassan da aka tabbatar Csmith ba ta samu kuskuren fassara ko ɗaya ba. Amma CompCert manyan zuriyoyi irin su PowerPC da ARM da RISC-V take yi wa aiki, ba ta fassara wa ƙananan AVR. Darasin da ke cikin wannan bincike shi ne, wanda ya ce sai ya samu kwamfaila marar aibi kafin ya fara ƙira, to, zai daɗe bai fara ba. Tambayar da ta dace ita ce: shin wannan bugun, a kan wannan 'yar kwamfutar, ya isa ga wannan aikin, kuma mece ce hujja?

Ma'aunan Yanke Hukunci

Ma'auni na farko shi ne girman asarar da kuskure zai jawo. Fitilar ado da ta ƙi kamawa ba ɗaya take da birkin mota ba. Ƙa'idar ISO 26262 ta kiyaye haɗari a motoci, wadda ta fito a 2011, ta ɗora hukuncin a kan tambayoyi biyu: shin kuskuren kayan aikin zai iya shiga cikin na'urar, kuma in ya shiga, akwai tabbacin za a gano shi? Idan haɗarin yana da girma, hanyar ganowa kuma ba ta da ƙarfi, sai an kawo hujjar amincewa. Ƙa'idar ta ambaci hanyoyi huɗu: daɗewar kayan aikin ana amfani da shi, da binciken yadda aka ƙera shi, da gwada shi kai tsaye, da kuma ƙera shi tun farko bisa ƙa'idojin kiyaye haɗari.

Na biyu shi ne asalin bugun. A shekarar 2000 kamfanin Red Hat ya raba wani bugu na GCC mai lamba 2.96, sai kwamitin da ke kula da GCC ya fito ya sanar cewa wannan ba bugu ne da suka fitar a hukumance ba, an ɗebo shi ne daga aikin da ba a kammala ba. Lalle ne injiniya ya san ko abin da ke hannunsa kammalallen bugu ne ko kuwa na gwaji, ya kuma san wane ne zai saurari ƙorafinsa idan matsala ta taso.

Na uku shi ne shekarun bugun da yawan masu amfani da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Bugun da dubban mutane suka yi shekara biyu suna aiki da shi a kan irin wannan 'yar kwamfutar, an riga an ci karo da mafi yawan kurakuransa. Sai dai a lura, shaharar kwamfaila a kan manyan kwamfutoci ba ta zama shaida gare ta a kan ƙanana ba, domin sashen da ke fitar da umarnin kowace zuriya daban yake.

Na huɗu shi ne rajistar kurakurai. Masu kula da GCC suna da rajista a buɗe a intanet inda ake rubuta duk kuskuren da aka gano da matsayin gyaransa. Doguwar rajista ba abin tsoro ba ce. Asibitin da ke rubuta kowace cuta ya fi wanda ba ya rubutu sanin halin da ake ciki. Abin dubawa shi ne ko akwai kuskuren shiru da ya shafi 'yar kwamfutar da za a yi aiki da ita, da kuma saurin da ake gyarawa. Su ma kamfanonin ƙera 'yan kwamfutoci sukan wallafa jerin aibobin da aka gano a jikin silikon ɗin kansa, kuma wajibi ne a karanta shi.

Na biyar, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne gwajin da injiniya zai yi da kansa a kan na'urar ta ainihi, domin gani ya kori ji. Tsarinsa bai bambanta da na gwajin sabon irin shuka ba, inda ake shuka shi kusa da tsohon iri a gonaki daban-daban damina bayan damina kafin a raba wa manoma. Akan fassara umarnin da tsohon bugu da sabo, ko kuma da taƙaitawa da kuma ba tare da ita ba, a kwatanta halin na'urar. Akan kunna dukkan gargaɗin kwamfaila a bi su ɗaya bayan ɗaya. Akan kuma guje wa lungunan harshen C masu harshen damo, kuma don haka ne masana'antar motoci ta Ingila ta fitar da ƙa'idojin MISRA C a 1998.

Tsawon lokacin gwaji ma yana da muhimmanci. Agogon cikin Arduino yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma idan ya cika 4,294,967,296 sai ya koma sifiri, wato bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i 17. Wannan sanannen hali ne da aka rubuta a littafin bayaninsa, amma umarnin da bai yi la'akari da shi ba zai rikice a ranar. Injin ƙyanƙyasar da aka gwada na kwana 21 zai ci jarrabawa, zubi na biyu ma haka, sai a tsakiyar zubi na uku matsalar za ta bayyana. A inda wutar lantarki take yawan ɗaukewa kuskuren yakan ɓuya, tun da yake agogon yana komawa farko duk lokacin da injin ya mutu, sai ranar da aka haɗa shi da batir da farantin hasken rana. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin kula da janaretocin jirgin Boeing 787 za su iya kashe wuta idan suka kwana 248 a kunne ba hutu, saboda cikar wani ma'ƙirgi a manhajarsu.

Kulle Bugu da Shirin Ko-ta-kwana

Da zarar gwaji ya gamsar, sai a kulle bugun. Ma'ana, a rubuta lambar bugun kowace manhaja a sarƙar, da zaɓuɓɓukan da aka yi fassara da su, a kuma adana kwafinsu, ta yadda ko bayan shekara goma za a iya sake fitar da umarnin daidai da na farko. Shaidar da aka tara ta wannan bugun ce kaɗai. Duk ranar da aka sauya bugu, ko da lamba guda ce ta ƙaru, sai a maimaita gwajin tun daga farko, kamar yadda ba a ɗaukar sakamakon gwajin wani magani a ɗora wa wani. Ba a kuma sauya bugu ana gab da fara ƙira, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk da haka, injiniya mai hangen nesa yakan ɗauka cewa wani kuskuren ya kuɓuce masa. ATmega328P tana da agogon gadi, wanda umarni ke taɓawa a kai a kai. Idan wa'adin da aka sa masa ya cika, wanda mafi tsawonsa daƙiƙa 8 ne, ba a taɓa shi ba, sai ya tayar da na'urar daga farko. A injin ƙyanƙyasa kuma akan ƙara makatsin wuta mai aiki da zafi, wanda babu ruwansa da manhaja, domin ko 'yar kwamfutar ta rikice kada ƙwan ya dahu.

Kammalawa

An ga cewa amincin kwamfaila hukunci ne da ake ginawa bisa hujja: girman haɗari, da asalin bugu, da daɗewarsa a hannun jama'a, da rajistar kurakuransa, da gwaji mai tsawo a kan na'urar kanta. Ɗalibin da ke haɗa na'urar baje koli ta makaranta yana iya ɗaukar kowane bugu ya yi aikinsa. Amma wanda zai sayar wa mai kiwon kaji injin da zai zuba jarinsa a ciki, wajibi ne ya iya faɗin bugun da ya yi aiki da shi, da gwajin da ya yi, da kuma tsawon kwanakin da gwajin ya ɗauka.

Tambayoyi Domin Aji

1. Bayyana bambancin da ke tsakanin kuskure mai ƙara da kuskuren shiru. Wanne ya fi haɗari, kuma don me?

2. Wani ma'ƙirgi yana ƙara ɗaya a kowane kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, iyakarsa kuma 2,147,483,647. Kwana nawa zai yi kafin ya cika? Kwatanta amsarka da adadin kwanakin da aka ambata game da jirgin sama.

3. Ta yaya gwajin Csmith ya yi kama da gwajin kimiyya wanda ake ware rukunin kwatance a cikinsa?

4. A kasa aji gida biyu. Rukuni na farko ya tsara gwajin da ya ishi fitilar ado, na biyu kuma ya tsara na firijin allurar rigakafi, sa'annan a tattauna dalilan bambancin.